Tarihin Badagiri Tsakanin Allo da Littafi

Idan mutum ya bar Ikko ya nufi yamma, ya bi hanyar da ta tafi iyakar Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahomi, in ya yi tafiyar mil 40 ko kusa da haka sai ya isa Badagiri. Gari ne na bakin ruwa, amma ba a kan teku sosai ya ke zaune ba. Yana gefen wani kogi mai kwantaccen ruwa wanda ya bi gaɓar teku tun daga Ikko har Porto-Novo. A ƙetaren kogin akwai wata siririyar ƙasa ta rairayi, cike da itatuwan kwakwar Attagara, ita ce a ke kira Gberefu, bayanta kuwa sai teku. Yawancin mutanen garin Egun ne, waɗansu kan ce Ogu, sarautar sarkinsu kuma Akran. A zamanin da a ke tafiya da kwalekwale gari ne mai zaman kansa, amma yau Ikko ta yi ta miƙe ƙafa har ta kusa mai da shi unguwarta ta bayan gari.

Ba safai mako kan wuce ba a ga motoci sun sauke 'yan makaranta da baƙi a garin nan ba. A kan zaga da su wurare shida ko bakwai. A kowane wuri akwai allo da aka rubuta shekara a kai, akwai kuma ɗan jagora wanda ya haddace bayani kamar yadda almajiri ke haddace allonsa. Waɗannan alluna da bakin 'yan jagora su ne littafin da Badagiri ta rubuta game da kanta, kuma masu karanta shi sun fi masu karanta littattafan malaman tarihi yawa nesa ba kusa ba. Yaro ya kan kwafe abin da ya gani, ya koma ya rubuta shi a jarrabawa, in ya girma ya koya wa 'ya'yansa. Sabo da haka ya kamata a auna wannan littafi kamar yadda a ke auna kowane littafi, a ga inda ya yi daidai da inda ya kauce.

Abin da mai sauraro zai fara lura da shi shi ne yawan maimaita kalma guda, watau "farko". A nan aka fara gina bene a Nijeriya. A nan aka fara wa'azin addinin Kirista. A nan aka fara juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. Kasuwar bayi kuwa, an ce tun 1502 ta ke ci. To, bari mu ɗauke su ɗai ɗai.

Mu fara da benen. Gida ne na 'yan mishan na Ingila, wanda wani fada Bajamushe mai suna Gollmer ya tsaya a kan gininsa, aka gama cikin 1845. Yana nan har yau yana fuskantar kogi, kuma ya cancanci a je a gan shi. Amma duk Bakano ko Bakatsine da ya ji an ce shi ne benen farko a ƙasar nan, sai ya yi murmushi. Ba ma sai mun kafa hujja da Hasumiyar Gobarau ta Katsina ba, wadda a ke danganta asalinta ga zamanin Sarki Muhammadu Korau, don wani zai ce hasumiya daban, gidan kwana daban. Mu kawo shaidar Bature, tun da ita aka fi yarda da ita a irin wannan gardama. Kaftin Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdullahi, ya shiga Kano cikin watan Janairu na 1824. A cikin littafin tafiyarsa, wanda aka buga a 1826, ya siffanta gidajen Kano, ya ambaci matakala da a ke hawa zuwa ɗakunan sama masu 'yan ƙananan tagogi. Wannan kuwa shekara 21 ke nan kafin a gama gidan Gollmer, ga shi kuma Clapperton bai ce sabon abu ya tarar ba. Da allon ya ce wannan shi ne tsohon benen 'yan mishan, irin ginin Turawa, da ba wanda zai ɗaga murya. Kalma biyu ko uku kaɗai aka rage, amma ragin nan ya shafe magina na birni guda.

Haka maganar wa'azi ta ke. Gaskiya ne Thomas Birch Freeman, wanda ubansa baƙar fata ne uwarsa kuwa Baturiyar Ingila, ya sauka Badagiri ran 24 ga Satumba, 1842. Gaskiya ne kuma shi da Henry Townsend sun yi bikin Kirsimati tare a garin a ƙarshen shekaran nan. Itacen da a ke cewa a gindinsa aka taru, wanda a ke kira Agiya, iska ta kā da shi cikin 1959, aka gina dogon ginshiƙi a gurbinsa. Daga wannan sauka ne aikin mishan ya kafu a ƙasar Yarbawa bai sāke tsinkewa ba, kuma wannan abin tunawa ne babba. Sai dai fa limaman Fotugis sun isa fadar Sarkin Bini tun wajen 1515, a Warri kuma an yi sarakuna Kirista tun kafin 1600. Freeman ya zo bayansu da shekaru fiye da 300. Wanda ya ce shi ya fara, ya manta da Bini da Warri, kamar yadda mai allon bene ya manta da Kano.

Batun Samuel Ajayi Crowther ya fi waɗannan laushi, gama akwai gaskiya mai yawa a ciki. Ya iso Badagiri tare da Gollmer da Townsend cikin Janairu na 1845, nufinsu su wuce Abekuta. Rasuwar Sodeke, shugaban Egba, da rashin lafiyar hanya suka tsare su, ba su sami shiga Abekuta ba sai Agusta na 1846. Zamansa a Badagiri ke nan bai wuce shekara ɗaya da rabi da 'yan kwanaki ba. Ba shakka ya yi aikin juyi a wannan zama, don mutum ne wanda ba ya ajiye alƙalami. Amma sashen farko da aka buga na juyinsa bai fito ba sai 1850, Littafin kuwa gaba ɗaya bai kammala da Yarbanci ba sai bayan 1880, da hannun mutane da dama. Aikin shekara talatin da wani abu ba ya shiga ɗaki guda a damina biyu. In an nuna wa yaro ɗakin aka ce a nan dattijon nan ya yi wani kashi na aikinsa, an faɗi gaskiya, kuma girman Crowther bai ragu da ko ƙwayar gero ba.

Sai shekarun da a ke ɗora wa garin kansa. Masu ba da labarin gargajiya su kan ce an kafa shi cikin 1425, kasuwar Vlekete kuma cikin 1502. Ba na ƙin cewa masunta da manoma sun daɗe a wannan gaɓa. Labarin baka yana riƙe da sunayen kakanni da unguwanni da sarautu, irin su Akran da Wawu da Mobee da Possu, abin da ba wata takardar Bature da ta riƙe. Abin da labarin baka ba ya iya riƙewa shi ne lissafin shekara ta Miladiyya, don ba da ita mutanen da ke ƙirga zamani ba. Duk inda ka ga an ɗora wa labarin kaka lamba huɗu cif cif, to, wani mai ilmin boko ne ya ɗora daga baya. Malaman da suka bi takardun fataken Turawa, musamman Robin Law a wata maƙala tasa ta 1994, sun nuna cewa tashin Badagiri a kan matsayin tashar ciniki ya biyo bayan yaƙe-yaƙen Agaja, Sarkin Dahomi, wanda ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727. Mutanen da yaƙi ya kora suka yi ta gangarowa gabas. Wani falke mutumin Holan, Hendrik Hertogh, wanda Dahomi ta kora daga mazauninsa, ya kafa gidan ciniki a Badagiri wajen 1736, aka kashe shi a 1738. Shi ne malaman ke ganin mutanen gari suna tunawa da suna Huntokonu, har suna nuna kabarinsa. Garin ya bunƙasa har ya tsone wa Dahomi ido, ta kawo masa yaƙi ta rushe shi cikin 1784.

Mai karatu, dubi wannan labari ka gwada shi da na allo. Gari ne na 'yan gudun hijira, waɗanda suka tsere wa mai kama bayi, sa'an nan su da kansu suka zama dillalan bayi. Wace lamba ce a kan allo za ta koya wa yaro abin da wannan magana guda za ta koya masa game da halin ɗan Adam?

Akwai wani lissafi kuma da ko ɗan aji huɗu zai iya yi. A bakin kogi akwai gidan Seriki Williams Abass, mai ƙananan ɗakuna inda a ke cewa an tsare bayi, a kan kuma ce ginin na wajen 1840 ne. Labarin mutumin abin mamaki ne. Bayarabe ne, aka kama shi yana yaro, aka sayar, aka kai shi Birazil, ya koyi karatu da harsuna, ya komo ya zama attajiri kuma shugaban Musulmin garin. Sarautar tasa ma, Seriki, kalmarmu ce ta Sarki bakin Yarbawa ya tanƙwasa. Shi ya kafa garin Aiyetoro a 1902, ya rasu a 1919. To, daga 1840 zuwa 1919 shekara 79 ne. Mutumin da ya riga ya yi bauta a ƙetaren teku, ya komo, ya tara dukiyar gina irin wannan gida, ba zai kasa shekara 25 ba. Sai dai in ya haura ɗari kafin ya rasu. Ko dai ginin ya girme shi ya gāje shi a hannun wani, ko kuwa ginin bai kai shekarun da a ke ba shi ba. Ga shi kuma Birazil ta rufe ƙofar shigo da bayi tun 1850. Allo mai gaskiya zai ajiye wannan tambaya a fili, ya bar baƙo ya yi tunani.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne Gberefu. A kan ƙetare da baƙi cikin kwalekwale, su taka rairayi har bakin teku, wurin da a ke kira inda ba a komowa. A kan hanya akwai wata rijiya wadda a ke cewa an zuba mata magani, duk bawan da ya sha sai ya manta da gida da iyaye. Ba na yi wa wannan labari dariya. Mutanen da aka bari a baya suna neman dalilin da ya sa nasu ba su komo ba, zuciya kuwa ta fi iya ɗaukar "an mantar da shi" bisa ga "ya mutu a cikin jirgi". A Wida ma akwai irinsa, sai dai can itace ne a ke zagayawa. Amma tarihi ya ƙaryata rijiyar ƙwarai. Daga cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka ɗora a jiragen bayi daga Afirka, kusan miliyan 2 daga wannan gaɓa ta Wida da Porto-Novo da Badagiri da Ikko suka tashi, da yawansu kuma Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka sāke tashi a 1809 da 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, an sami takardu da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wanda ya manta da kansa ba ya rubuta laya. Labarin rijiya ya mai da bayin nan kamar dabbobin da aka kora, alhali kuwa mutane ne da suka ƙetare teku da harshensu da addininsu da fushinsu.

Ko sunan wurin ma bai cika ba, gama an komo. Tun daga 1839 waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato aka zaunar a Saliyo suka fara hayar jiragen ruwa suna sauka Badagiri, suna wucewa Abekuta neman danginsu. Su ne ma suka aika a turo musu mai wa'azi, dalilin zuwan Freeman ke nan. Rairayin da ya ga fita shi ya ga komowa, amma rabin labarin kaɗai a ke ba yara.

Yanzu bari mu juya ga littattafan Turawan da suka ratsa garin, don kada a ce mun tsananta wa allo mun ƙyale littafi. Clapperton ya tashi daga Badagiri cikin Disamba na 1825 a tafiyarsa ta biyu, ya bi ta Katunga, watau tsohon birnin Oyo, ya ƙetare Kwara a wajen Busa, ya bi ta Nufe da Zariya da Kano, har ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A Sakkwato ajali ya same shi ran 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23, ya komo da takardunsa har Badagiri. Fataken bayi na Fotugis suka yi masa sharri wai ɗan leƙen asiri ne, aka sa shi shan gubar rantsuwa a gaban manyan gari, Allah ya yi da sauran kwanansa. Littafinsa na 1830 ya zana Badagiri da baƙin tawada ƙwarai, da gidajen bayi, da wurin tsafi, da zubar da jini. Mutumin da aka ba guba a gari ba a sa ran ya yabi garin, kuma yana rubutu ne don masu karatu a Ingila waɗanda ke son labari mai ta da tsikar jiki. Ka'idar karanta shi ita ce a riƙe abin da ya ce ya gani da idonsa, a yi hattara da abin da ya ce an gaya masa. Gani ya kori ji.

To, a cikin abin da aka gani da ido akwai wanda allunan Badagiri suka yi shiru a kai. Lander ya sāke sauka garin tare da ƙanensa John ran 22 ga Maris, 1830, a tafiyar da suka bi Kwara har suka ga inda ta faɗa teku. Saukarsu ta zo daidai da ƙarshen azumi. Sun rubuta cewa sun tarar da malamai Hausawa a garin, sun kuma je sun kalli Musulmi sun yi ado sun taru a bayan gari suna Sallar Idi. Wannan shekara 12 ke nan kafin Kirsimatin gindin Agiya. Ban kawo wannan don in ƙwace "farko" daga hannun wani in ba wani ba, in na yi haka na faɗa ramin da na ke nuna wa mutane. Na kawo shi ne don a ga cewa garin ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta teku ɗaya ta tudu, allo kuwa ta teku kaɗai ya ke kallo. Duk abin da ya shigo da jirgin Bature an rubuta shi, abin da ya gangaro da ƙafa daga Oyo da Nufe da ƙasar Hausa an bar shi.

A cikin ayarin nan akwai wani dattijo Bagobiri, sunansa Abubakar, Turawa suna kiransa Pasko. An kama shi bawa, aka sayar da shi har bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin jirgi, sa'an nan ya zama tafintan Clapperton. Ya taka daga Badagiri har Sakkwato ya komo, ya kuma sāke bin 'yan'uwan nan biyu a 1830. Ga mutum guda wanda rayuwarsa ta haɗa kamu da sayarwa da 'yanci da komowa. In ana neman wanda za a rubuta sunansa a bakin kogin Badagiri, da wuya a sami wanda ya fi shi cancanta.

A nan ne kuma ya wajaba mu dubi kanmu, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bagobirin nan ba Bature ne ya je Gobir ya kamo shi ba. Hausawan da suka yi tawaye a Bahiya yaƙe-yaƙen ƙasarmu ne suka fitar da yawancinsu, fatake kuma suka miƙa su hannu zuwa hannu har gaɓa. Mutanen Badagiri, ko da kurakuran allunansu, sun yi abin da ya fi namu. Zuriyar Mobee sun ajiye sarƙoƙi da mari na gidansu suna nuna wa duniya, ba su ɓoye cewa kakanninsu sun yi wannan ciniki ba. Tsohon ofishin Di'o na 1863 an mai da shi gidan tarihi. Mu fa, a kasuwanninmu na da, ina allon da ya nuna rumfar da aka tsayar da bayi? Wanda bai rubuta kome ba bai kamata ya cika baki a kan wanda ya rubuta ya yi kuskure ba.

Wani abu kuma da son "farko" ya danne shi ne labarin faɗuwar garin. Badagiri ta zama mafakar sarakunan Ikko da aka tuɓe. Adele yana can sa'ad da Clapperton da su Lander suka ratsa, bai koma gadonsa ba sai 1835. Akitoye ma can ya ƙare bayan Kosoko ya kore shi a 1845. Rigimarsu ta haddasa yaƙin basasa a garin cikin Yuni na 1851, wuta ta ci babban kashinsa. A ƙarshen shekaran nan jiragen Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta suka mai da Akitoye, ciniki ya kwashe ya koma can, 'yan mishan ma suka bi. A 1852 manyan Badagiri suka sa hannu a takardar barin cinikin bayi, a 1863 suka miƙa garin ga Ingila, shekara biyu bayan Ikko. Dalilin da ya sa tsofaffin gine-ginen nan suka tsira ke nan: arziki ya ƙaura, ba a sami mai rushe su ya gina sabo ba.

Gyaran da na ke roƙo ba mai tsada ba ne. Kowane allo a raba shi biyu. A sama a rubuta abin da kakanni suka ce, a faɗi cewa su suka ce. A ƙasa a rubuta abin da takarda ta nuna, da shekararta. Inda suka saɓa a bar saɓanin a fili, yaro ba ya lalacewa don an nuna masa cewa manya suna gardama. A koya wa 'yan jagora labarin Agaja da Hertogh, da na mutanen Saliyo, da na Abubakar Bagobiri, za su ga baƙi sun fi kasa kunne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ran da baƙo mai karatu ya kama allo guda da kuskure, sai ya yi shakkar sarƙoƙin ma, alhali kuwa su gaskiya ne. Hakkin waɗanda aka ɗaura wa sarƙoƙin nan ne a kanmu kada mu ba kowa hanyar yin wannan shakka.